Ashwagandha Tsakanin Talla da Hujja: Bitar Tasirinta a Kan Mantuwa, Kasala da Damuwa a Wajen Baligai

Tsakure

Ashwagandha saiwar wani tsiro ce da likitancin gargajiya na Indiya ya daɗe yana aiki da ita. A 'yan shekarun nan ta bar hannun masu maganin Ayurbeda ta shiga kwalba, ta zama haja a kasuwannin duniya, ana tallarta a matsayin maganin mantuwa da kasala da damuwa. Wannan maƙala ta ɗora tallar a kan sikelin gwaje-gwajen da aka yi wa mutane daga 2012 zuwa 2024. An gano cewa hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba. Sun fi ƙarfi a kan rage matsin rai da gyara barci, sun yi rauni a kan ƙarfafa ƙwaƙwalwa, sannan sun ci karo da juna a kan kasala. An kuma gano cewa kowace hujja ta wani tatacce ce takamaimai, ba ta duk kwalbar da aka manna wa sunan ba. Maƙalar ta nuna cewa rahotannin lahanin hanta, duk da ƙarancinsu, sun fi shafar al'umma irin tamu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita. A ƙarshe an ba da shawarwari ga ma'aikatan lafiya da hukumomi da manazarta.

Fitilun kalmomi: ashwagandha, ƙarama anta, mantuwa, kasala, damuwa, hanta.

1.0 Gabatarwa

Koke uku ne baligi ya fi yi idan rayuwa ta yi masa nauyi: "ba na riƙe abu," "jikina ba ƙarfi," "raina ba daɗi." Mahaddacin da tilawa ta fara kuɓuce masa, da uwar da ke raino tana kuma zuwa aiki, da ɗan kasuwar da lissafi ya hana shi barci, kowa da irin bakin da yake faɗinsu. Koken ba sabo ba ne a wajen likitoci. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, ya yi rubutu a kan ɗaliban Nijeriya masu kukan gajiyar ƙwaƙwalwa, wato su karanta su kasa fahimta ko su kasa tunawa. Abin da ya zo sabo shi ne kwalba guda da ke alƙawarin share duka ukun a lokaci ɗaya, wadda ake samu a kemis ko a yi odarta ta waya.

Kalmar "damuwa" tana da faɗi a Hausa, kuma faɗin nan yana yi wa mai talla rana. Da ita ake kiran matsin rai na yau da kullum, da ita ake kiran fargabar da ta zama ciwo, da ita kuma ake kiran ƙuncin zuciya mai tsanani wanda kan kai mutum ga yanke ƙauna. Likitanci ya raba waɗannan uku, kuma maganin da ya taɓa ɗaya ba lalle ya taɓa sauran ba. Saboda haka a wannan maƙala za a riƙa cewa matsin rai, fargaba, da ƙuncin zuciya, kowanne a muhallinsa.

1.1 Dabarun Bincike

Aikin bita ne, ba a yi sabon gwaji ba. An fifita gwaje-gwajen da suka cika sharuɗɗa uku. Na farko, a raba mahalarta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba. Na biyu, a ba gida ɗaya maganin, ɗayan kuma a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi, wadda ake kira fulasibo. Na uku, da mai shan ƙwayar da mai duba shi, kada ɗayansu ya san wace ce aka bayar sai an kammala. Dalilin wannan tsauri shi ne, gajiya da damuwa suna cikin abubuwan da suka fi saurin amsa kyakkyawan zato, ta yadda mutum kan ji sauƙi don kawai ya yarda an ba shi magani. Bayan waɗannan an duba nazarce-nazarcen da suka tattaro gwaje-gwaje da yawa wuri guda, da rahotannin illa, da matsayar hukumomin ƙasashe.

2.0 Tsiron da Abin da Ke Cikinsa

2.1 Suna da Asali

Sunan tsiron a kimiyyance Withania somnifera. Ɗan gajeren tsiro ne mai 'ya'ya jajaye a cikin ɓawo, dangin tumatir da gauta da tattasai. A harshen Sanskirit, sunan ashwagandha ya haɗa kalmar "doki" da kalmar "ƙanshi", saboda warin ɗanyar saiwar. Kalmar somnifera kuwa a Latin tana nufin mai sa barci, wanda ke nuna abin da masana tsirrai suka san ta da shi tun da daɗewa. A likitancin Ayurbeda tana cikin rukunin da ake kira rasayana, wato magungunan maido da ƙarfi da rage saurin tsufa, kuma yadda aka saba shan ta shi ne garin saiwa giram 3 zuwa 6, sau da yawa a cikin madara. Noman ta ya fi ƙarfi a jihohin Madhya Pradesh da Rajasthan.

Tsiron ba baƙo ba ne a Afirka, domin yana fitowa a yankuna masu ƙarancin ruwa daga arewacin nahiyar har kudancinta. J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo shi da sunan ƙarama anta. Sunan yana ɗauke da kalmar anta, wato hanta, kuma kamar yadda za a gani a gaba, hanta ce gaɓar da ta fi jawo muhawara a kan wannan magani a yau.

2.2 Daga Gari Zuwa Kafso

Sinadaran da aka fi danganta aikin tsiron da su ana kiransu witanolayid. An ware ɗaya daga cikinsu, witaferin A, a shekarun 1960, kuma ya fi yawa a ganye fiye da saiwa. Abin da ake sayarwa a kafso yanzu galibi tatacce ne da kamfani ya tace ya daidaita ƙarfinsa. KSM-66 daga saiwa kaɗai ake yin sa, da witanolayid kimanin kashi 5 cikin 100. Sensoril ya haɗa saiwa da ganye, da kimanin kashi 10. Shoden kuwa ya kai kashi 35. Ke nan miligiram 300 na wannan ba daidai yake da miligiram 300 na wancan ba, kuma dukansu ba daidai suke da cokalin garin da tsohuwa ke dama wa jikanta a ƙauyen Indiya ba. Wannan batu shi ne ƙashin bayan maƙalar: idan gwaji ya yi nasara, tataccen da aka gwada ne ya yi nasara, a adadin da aka ba da shi, a kan irin mutanen da aka gwada.

2.3 Yadda Ake Zaton Tana Aiki

Masu talla kan kira ta adaftojin, kalmar da masanin Tarayyar Sobiyat Nikolai Lazarev ya ƙirƙira a 1947 don abubuwan da ake ganin suna ƙara wa jiki juriyar wahala. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne tana sassauta hanyar da ƙwaƙwalwa ke umartar wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda su fitar da kotisol, sinadarin da ke hauhawa lokacin matsi. Akwai kuma alamun tana taɓa hanyar GABA, wadda magungunan sa barci ke bi.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, binciken dabbobi ne ya ɗaga fata. A 2005 Kuboyama da abokan aikinsa a Toyama ta Japan sun nuna cewa witanolayid A ya taimaka wa rassan jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye su sake tofowa. A 2012 Sehgal da abokan aikinta a Indiya sun ruwaito cewa tataccen saiwar ya rage tarin sinadarin amiloyid a ɓerayen da aka sanya wa kwatankwacin cutar Alzheimer, kuma ta hanyar hanta ya yi aikin. Sakamako ne mai jan hankali, sai dai magunguna da dama sun warkar da ɓeraye daga wannan cuta suka kasa yi wa ɗan Adam komai.

3.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

3.1 Matsin Rai, Fargaba da Barci

A nan hujja ta fi tsayuwa da ƙafarta. Gwajin da aka fi ambata shi ne na Chandrasekhar da abokan aikinsa a Haidarabad, 2012. Baligai 64 masu fama da daɗaɗɗen matsin rai aka raba biyu, aka ba rabi miligiram 300 sau biyu a rana har kwana 60. Makin matsin rai ya sauka da kashi 44 cikin 100 a wajen masu shan maganin, alhali na masu ƙwayar wofi ya sauka da kashi 5.5 kawai. Kotisol ɗin jini ya sauka da kashi 27.9, a kan kashi 7.9. A 2019 Lopresti da abokan aikinsa sun gwada miligiram 240 na Shoden a kan mutum 60 na tsawon kwana 60, suka samu raguwar makin fargaba da ta kotisol ɗin safe.

Da aka tattara irin waɗannan ayyuka, sakamakon ya karkata wuri ɗaya, amma da gargaɗi. Bitar Pratte da abokan aikinsa ta 2014 ta duba gwaji 5, ta ce duk sun nuna alfanu, ta kuma ce tsarinsu na da raunin da ka iya karkatar da sakamako. Nazarin Akhgarjand da abokan aikinta na 2022 ya haɗa ayyuka 12 da mutum 1,002, ya samu raguwar fargaba da matsi, amma ya sanya ƙarfin hujjar a matakin ƙasa. A shekarar ce kuma kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa biyu, WFSBP da CANMAT, ya ba da amincewar wucin gadi ga miligiram 300 zuwa 600 na tataccen saiwa a rana don ciwon fargaba.

Game da barci, Cheah da abokan aikinsa a 2021 sun haɗa gwaji 5 masu mutum 400, suka samu ingantuwa ƙarama amma tabbatacciya, wadda ta fi fitowa a wajen masu ciwon rashin barci, da masu shan miligiram 600 ko fiye, na tsawon mako 8 ko fiye.

Ƙuncin zuciya mai tsanani kuwa yana wajen wannan da'ira. Mafi yawan mahalarta waɗannan gwaje-gwaje mutane ne masu lafiya da matsi ya dama, ba marasa lafiyar da likita ya tabbatar wa ciwon ba. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsu a ce wa mai ƙuncin zuciya ya ajiye maganin asibiti.

3.2 Mantuwa

Gwajin da masu talla suka fi jingina da shi shi ne na Choudhary da abokan aikinsa, 2017. Mutum 50 masu ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa aka ba miligiram 300 sau biyu a rana har mako 8, suka fi takwarorinsu a wasu jarrabawoyin tuna labari da fuskoki da saurin sarrafa bayani. A 2021 Gopukumar da abokan aikinsa sun gwada kafso mai narkewa a hankali, miligiram 300, a kan baligai 130 masu matsin rai na kwana 90, suka ruwaito ingantuwar tunawa tare da raguwar matsi da gyaruwar barci. Tun kafin nan, a 2013, Chengappa da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka sun gwada miligiram 500 na Sensoril a kan mutum 60 masu ciwon da ke jefa mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin ƙunci. Cikin jerin jarrabawoyin da aka yi musu, uku ne suka nuna bambanci, ɗaya daga ciki maimaita lambobi daga baya zuwa gaba.

Abubuwa uku ya kamata mai nazari ya riƙe. Na farko, gwajin ƙwaƙwalwa jarrabawoyi ne masu yawa, kuma bisa ƙa'idar lissafin da aka saba bi, idan aka yi awo 20 ana sa ran ɗaya ya fito da "nasara" bisa katari ko da maganin ruwa ne. Na biyu, ƙarin maki a maimaita lambobi a gaban kwamfuta ba shi ne riƙe hizifi ko tuna inda aka ajiye makulli ba, kuma gwajin mako 8 ba zai iya nuna an kare mutum daga cutar mantuwa ta tsufa ba, wadda ke ɗaukar shekaru tana ginuwa. Na uku, a gwajin 2021 tunawa ta gyaru ne tare da barci da matsi. Sanannen abu ne cewa a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙulle abin da aka koya da rana, kuma mai zullumi ba ya tsayar da hankali balle ya riƙe. Saboda haka wannan maƙala ta fi karkata ga cewa ribar da aka gani, ko mafi yawanta, ribar natsuwa ce da barci. Idan haka ne, wanda ke barcinsa lafiya kuma hankalinsa kwance bai da dalilin sa ran wani abin kirki.

3.3 Kasala

A nan ne hujjoji suka fi saɓa wa juna. A 2013 Biswal da abokan aikinsa a Maleshiya sun ba mata masu kansar mama da ke karɓar maganin kemo giram 2 na tataccen saiwar duk bayan awa 8, cikin rukunin mutum 100, suka samu raguwar gajiya. Sai dai babu ƙuri'a, babu ƙwayar wofi, kuma kowa ta san abin da take sha.

Gwaje-gwaje biyu daga Ostireliya sun fi tsauri. A na 2019, Lopresti da Drummond da Smith sun ɗauki maza 57 masu ƙiba, 'yan shekara 40 zuwa 70, masu kukan gajiya. Kowane ya sha maganin mako 8, ya sha ƙwayar wofi mako 8. Sinadarin maza na testosteron ya ƙaru da kashi 14.7 cikin 100 fiye da lokacin ƙwayar wofi, amma a gajiya da kuzari ba a samu bambanci ba. A na 2023, Smith da Lopresti da Fairchild sun gwada miligiram 200 sau biyu a rana a kan maza da mata 120, 'yan shekara 40 zuwa 75, har mako 12. Wannan karon gajiya ta ragu fiye da ta masu ƙwayar wofi, amma matsin rai, wanda shi ne babban abin da aka je aunawa, ya sauka a gidajen biyu ba tare da bambanci ba.

Darasin gwajin 2019 ya wuce batun kasala. Awon jini ya motsa, jiki bai shaida ba. Duk tallar da ta tsaya a kan "yana rage kotisol" ko "yana ƙara sinadarin maza" tana bukatar a tambaye ta ko mai shan maganin ya ji a jikinsa.

3.4 Raunin da Ya Game Ayyukan

Mafi yawan gwaje-gwajen mahalartansu tsakanin 50 ne zuwa 130, tsawonsu mako 8 zuwa 12. Kaso mai yawa a Indiya aka yi su, kuma da dama kamfanonin da ke tace saiwar ne suka ɗauki nauyi ko suka ba da maganin. Wannan ba ya nufin an yi maguɗi, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a fagen magunguna baki ɗaya an san cewa gwajin da mai haja ya biya ya fi yawan fitowa da sakamakon da ke faranta masa, wanda bai yi daɗi ba kuma yakan kwana a durowa.

4.0 Illa da Haɗari

4.1 Hanta

A cikin gwaje-gwajen, illolin da aka fi gani ƙanana ne: ɓacin ciki, gudawa, tashin zuciya da gyangyaɗi. Amma gwajin mutum 60 ba zai kama illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai ba. Irin wannan sai magani ya shiga kasuwa take bayyana. A 2020 Björnsson da abokan aikinsa sun wallafa bayanin mutum 5, uku daga Ayislan biyu daga Amurka, waɗanda shawara ta kama tsakanin mako 2 zuwa 12 da fara sha, tare da ƙaiƙayi mai tsanani. Hantarsu ta murmure bayan sun daina. Rahoton Philips da abokan aikinsa daga Indiya a 2023 ya fi tayar da hankali. Cikin marasa lafiya 8 da suka sha ashwagandha zalla, 5 dama suna da daɗaɗɗen ciwon hanta, kuma 3 daga cikin waɗannan sun rasu. Abin da rahotannin biyu ke nunawa shi ne lafiyayyar hanta takan jure ta warke, amma wadda dama ta raunana tana iya faɗuwa.

4.2 Tayirod, Juna Biyu da Haɗuwa da Wasu Magunguna

A 2018 Sharma da abokan aikinsa sun nuna, a gwajin mutum 50 na mako 8, cewa miligiram 600 a rana yana ɗaga sinadaran tayirod, halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Ga wanda tasa ke aiki fiye da kima, ko mai shan maganinta, wannan haɗari ne. Cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suna gargaɗin masu juna biyu da masu shayarwa su guje ta, haka masu cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, da masu kansar mafitsara ta maza, da wanda za a yi wa tiyata. Tana kuma iya ƙara ƙarfin magungunan suga da hawan jini da na sa barci da na farfaɗiya. Bayanin amincinta da ake da shi bai wuce na kimanin wata uku ba.

4.3 Hukumomi da Ingancin Haja

Ƙasashe sun rabu a kan ta. Denmak ta haramta ta cikin kayan ƙarin lafiya a 2023, bisa rahoton Jami'ar Fasaha ta ƙasar na 2020 wanda ya ce ba a iya tsayar da adadin da za a ce ba shi da haɗari ba. Ma'aikatar Ayush ta Indiya da wasu masana ƙasar sun soki rahoton. A 2024 hukumomi a Ostireliya da Holan da Jamus sun fitar da gargaɗi. A Amurka kuwa, dokar 1994 ta ba da damar sayar da irin wannan haja ba tare da an tabbatar da amfaninta kafin ta shiga kasuwa ba.

Akwai kuma matsalar abin da ke cikin kwalbar. An sha samun garin ganye a hajar da aka rubuta wa saiwa zalla, domin ganye ya fi araha. A 2008 Saper da abokan aikinsa sun auna magungunan Ayurbeda 193 da aka saya ta intanet, suka samu dalma ko zaiba ko asinik a kashi 20.7 cikin 100. Ba ashwagandha kaɗai aka auna ba, amma kasuwar guda ce.

5.0 Abin da Wannan Ke Nufi a Ƙasar Hausa

Ba a auna haɗarin magani a sarari, sai an dubi jikin da zai shiga. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Cutar takan yi shekaru ba ta nuna kanta ba, kuma idan ta fara cin hanta, kasala na cikin alamunta na farko. Nan ne tarkon yake. Mutumin da kasala za ta kai shi sayen kwalbar yana iya zama shi ne wanda ya fi kowa bukatar ya nisance ta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Haka abin yake a sauran koke-koken, domin ruwa ba ya tsami banza. Binciken lafiyar al'umma na NDHS na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, tarin fuka da raunin tayirod duk suna zuwa da gajiya, kuma kowanne yana da gwajinsa da maganinsa. Matar da jininta ya yi ƙasa, awon jini da maganin ƙarin jini take bukata, ba kwalbar ba. Shi ma mai ƙuncin zuciya, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, amma tsoron a ce ya taɓu yakan sa ya gwammace kwalbar da ba mai tambayarsa dalili.

Wani abin lura shi ne lambar NAFDAC. Jama'a kan ɗauke ta a matsayin shaidar magani yana aiki. Alhali lambar da ke ƙarewa da harafin L, wadda ake ba magungunan tsirrai, rajistar wucin gadi ce da ta dogara ga gwajin guba, kuma a jikin hajar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba.

6.0 Shawarwari

1. Ma'aikacin lafiya ya riƙa tambayar majiyyaci kai tsaye ko yana shan wani abu daga kemis, ko na Islamiyya, ko na gargajiya, musamman mai shawara da ba a gano dalilinta ba. Tambayar ta zo ba da faɗa ba, don faɗa ne ke sa a ɓoye.

2. Baligin da ya dage sai ya gwada, a fara yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da awon jini da na suga. Idan komai lafiya, ya tsaya ga tataccen saiwa a adadin da aka gwada, miligiram 300 zuwa 600 a rana, kada ya wuce wata uku, ya kuma daina nan take idan ya ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ƙaiƙayi ya taso masa.

3. Hukumomi su wajabta rubuta gargaɗin hanta da na juna biyu a jikin kwalba, da Hausa a boko da ajami, tare da bayyana ɓangaren tsiron da aka yi amfani da shi da ƙarfin tataccen.

4. Tsangayoyin harhaɗa magunguna na Zariya da Kano da Sakkwato su nazarci ƙarama anta ta gida, su auna sinadaranta, su tattara abin da masu maganin gargajiya ke yi da ita. Akwai abin koyi a cibiyar NIPRD ta Abuja, wadda ta samar da Niprisan na ciwon sikila daga tsirrai da suka haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi, ta kuma kai shi ga gwajin asibiti.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi koke uku da ake sayar da ashwagandha a kansu, ta samu amsa uku mabambanta. A kan matsin rai da fargaba da barci akwai alfanu matsakaici na ɗan lokaci, bisa hujjar da masu tattara ta da kansu suka ce ba ta yi ƙwari ba. A kan mantuwa akwai alamu, waɗanda suka fi kama da ribar natsuwa da barci. A kan kasala gwaje-gwaje masu tsauri sun saɓa wa juna. Ke nan saiwar ba wofi ba ce, kuma da yake tana aiki a jiki, tana iya yi masa lahani. Mahalarta gwaje-gwajen da aka ambata an tantance lafiyarsu kafin a ba su ƙwayar farko, shi kuwa mai saye a kemis ba wanda ya duba shi. Kafin a tambayi abin da ashwagandha za ta yi wa mai kasala a Kano ko Damagaram, sai a fara sanin abin da ya kawo masa kasalar, a kuma san halin da hantarsa ke ciki.